Sharhi: Me ruwan zafin Akiri da Lamurde zai iya yi wa Najeriya?

A watan Disamban 2024 ne Hukumar Makamashi ta Duniya, IEA, ta fitar da rahotonta na musamman a kan zafin da ke ƙarƙashin ƙasa. Ta ce muddin kuɗin haƙa ya ci gaba da sauka, wannan makamashi na iya ɗaukar har kashi 15 cikin 100 na ƙarin wutar lantarkin da duniya za ta buƙata daga nan zuwa shekarar 2050.

Rahoton ya riski Najeriya cikin tsananin tsadar makamashi. An janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, sannan a Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin Band A zuwa naira 225 kan kowane yunit, ƙarin da ya sa jami'o'i da asibitocin koyarwa suka yi ta kokawa. A irin wannan hali, duk wata sabuwar hanyar samun wuta da aka ambata sai jama'a su kasa kunne. Shi ya sa da zarar an taɓo zancen maɓuɓɓugan ruwan zafi da Allah Ya albarkaci ƙasar nan da su, a taron bita ne ko a maƙalar jami'a, ba a jimawa sai hira ta koma kan megawat, a kuma jawo Kenya a matsayin abin koyi.

Sai dai alƙaluman da masananmu suka auna da hannunsu suna nuna wata hanya dabam, wadda ba ta da armashin tashar lantarki amma ta fi kusa da abin da ƙasar ke da shi.

Cikin ayyukan da aka fi komawa gare su a wannan fanni akwai maƙalar da Farfesa Krzysztof Schoeneich na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, da Dokta Ewa Kurowska ta Jami'ar Silesia a ƙasar Poland suka gabatar a babban taron duniya kan zafin ƙasa da aka yi a Bali, ƙasar Indunusiya, a 2010. Wannan aiki da waɗanda suka biyo bayansa sun tattara zafin sanannun maɓuɓɓugan ƙasar. Ruwan Wikki da ke gandun dajin Yankari a Jihar Bauchi yana tsakanin digiri 31 da 32 a ma'aunin Salshiyas. Na Ikogosi a Jihar Ekiti digiri 37 ne a awon masana, ko da yake takardun tallan yawon buɗe ido kan kai shi 70. Rafin Rewa, kusa da Lere a Jihar Kaduna, wanda masu bincike na Zariya suka wallafa bayaninsa a 2012, digiri 42 ne. Mafi zafi su ne na Akiri a Ƙaramar Hukumar Awe ta Jihar Nasarawa da Ruwan Zafi na Lamurde a Jihar Adamawa, kowannensu kimanin digiri 54.

Wanda ya taɓa tsoma hannu a ruwa mai digiri 54 ya san ba a daɗewa a ciki. A wurin injiniyan lantarki kuwa, wannan ruwan ɗumi ne kawai. A Olkaria ta Kenya, inda aka kunna tashar farko irinta a nahiyar Afirka a 1981, abin da ke fitowa daga rijiyoyi tururi ne da ruwan da ya haura digiri 250, domin wurin yana cikin babban tsagin ƙasa na Gabashin Afirka inda narkakken dutse ya matso kusa da doron ƙasa. Najeriya ba ta zaune a kan irin wannan tsagi mai rai. Maɓuɓɓuganmu suna cikin rukunin da masana ke kira ƙaramin zafi, wato wanda bai kai digiri 150 ba, kuma suna can ƙasan rukunin ma.

Akwai wata ƙa'ida a kimiyyar zafi da ba ta sauraron fatan kowa. Injin da ke mayar da zafi lantarki yana aiki ne da tazarar da ke tsakanin ɓangare mai zafi da ɓangare mai sanyi, kuma gwargwadon ƙanƙantar tazarar, gwargwadon ƙarancin abin da zai bayar. Masu kafa hujja da cewa ana samun lantarki daga ruwa mai ƙaramin zafi sukan ambaci Chena da ke jihar Alaska a Amurka, inda a 2006 ruwa mai digiri 74 ya fara juya injuna biyu masu jimillar kilowat 400. Gaskiya ne. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ruwan da ke sanyaya injunan Chena yana kusa da digiri 4. Idan aka ɗauki ruwan Lamurde mai digiri 54 aka haɗa shi da iskar rana mai digiri 35, iyakar abin da lissafi ya yarda a mayar lantarki bai kai kashi 6 cikin 100 na zafin ba, tun kafin a cire abin da famfuna da fankoki za su cinye.

Bari a kwatanta da misali. A ce wata rijiya tana ba da lita 10 na ruwa mai digiri 54 a kowace daƙiƙa, a zare zafinsa har ya sauka zuwa 40. Zafin da aka zare ya kai kimanin kilowat 585. Idan lantarki ake nema, ko a takarda ba za a samu kilowat 35 ba, abin da janareta guda na ƙaramin otal ke bayarwa. Idan kuwa zafin kansa ake so, a yini ɗaya da dare ɗaya ya yi daidai da abin da ke cikin busasshen itace sama da tan uku, kuma haka zai yi ta fitowa rani da damina.

Wannan bambanci shi ne tushen wani reshe na bincike da jami'o'in ƙasashen waje suka shafe fiye da shekara 50 suna yi. A 1973 wani injiniya ɗan ƙasar Iceland mai suna Baldur Líndal ya zana jadawalin da har yau ake koyar da shi, inda ya jera ayyuka bisa zafin da kowanne ke buƙata. Kiwon kifi yana ƙasa, wajen digiri 20 zuwa 30. Sama da shi akwai wuraren wanka, ɗumama ƙasar shuka, noman naman kaza da ɗakunan dabbobi. Daga digiri 70 ne aikin sanyaya abubuwa ke fara yiwuwa, busar da kifi da kayan lambu kuma wajen 90 zuwa 100. Hikimar jadawalin ita ce ruwa ɗaya na iya yin ayyuka da dama bi da bi: wanda ya gama aiki a wurin busarwa ya wuce ɗakin 'yan tsaki, daga nan ya gangara tafkin kifi.

Makarantar da ta fi kowace shahara wajen gwada wannan a aikace ita ce Cibiyar Fasaha ta Oregon da ke garin Klamath Falls a Amurka. A 1964 ta koma sabon mazauni da aka zaɓa saboda ruwan zafin da ke ƙarƙashinsa, ta haƙa rijiyoyi, ta samu ruwa mai digiri 89, ta riƙa ɗumama azuzuwa da ɗakunan kwanan ɗalibai da shi. A 1975 ta kafa cibiyar bincike ta Geo-Heat, wadda ta yi shekaru tana ba manoma, masu otal da hukumomin garuruwa shawarar fasaha, tana kuma wallafa mujallar da ta zama madogara ga masu wannan aiki a duniya. Da ragowar ruwan da ya fito daga gine-gine masu bincikenta suka gwada kiwon jatan lande. Da shi kuma ake narkar da dusar ƙanƙara a hanyoyin makarantar.

Tarihin wannan makaranta ya ƙunshi abin lura ga masu gaggawar lantarki. Sai a 2010, bayan shekara 46 tana cin moriyar ruwan, ta kunna ƙaramar tasharta ta farko mai kilowat 280. Rijiya mai zurfin kimanin mita 1,600 da ta haƙa a 2009 da fatan samun ruwa mai digiri 150 ta ba ta ruwan da bai wuce digiri 91 ba. Da duk abin da aka gina ya dogara ga wancan fata, da asarar ta yi muni. Da yake akwai gine-ginen da ke jiran zafin, rijiyar ba ta tashi a banza ba, kuma daga baya aka ɗora mata tasha mafi girma da aka tsara daidai da zafin da aka samu.

To amma nan ne kwaikwayo ke iya ɓatar da mu. Farfesa John Lund na wannan makaranta ta Oregon da Anikó Tóth ta Jami'ar Miskolc a ƙasar Hungary sun tattara yadda ƙasashe 88 ke amfani da zafin ƙasa kai tsaye, a bitar da suka shirya wa taron duniya na 2020. Kusan kashi 59 cikin 100 na zafin yana tafiya ne ta na'urorin da ke jawo ɗumin ƙasa zuwa cikin gidaje, kashi 18 wanka da ninƙaya, kashi 16 ɗumama gine-gine kai tsaye. Busar da amfanin gona bai kai rabin kashi ɗaya ba. Sanyaya wuri, haɗe da narkar da ƙanƙara, ya fi haka ƙanƙanta.

Ma'ana, ilimin da aka tara ilimin mutanen da sanyi ke damu ne. Jami'ar Cornell a jihar New York ta haƙa rijiyar gwaji mai zurfin kusan kilomita uku a 2022, Jami'ar Fasaha ta Delft a ƙasar Holan ta haƙa nata biyu a 2023, kuma burin dukansu shi ne su daina ƙona gas wajen ɗumama harabarsu. Babu shugaban jami'a a Yola ko Sakkwato da ke neman abin ɗumama aji. Abin da Najeriya ke buƙata, wato busarwa da sanyayawa, shi ne ɗan guntun da duniya ba ta zurfafa bincike a kansa ba, kuma babu alamar wani zai zo ya yi mana.

Ɗan abin da aka yi yana da ƙarfafa gwiwa. A Nea Kessani da ke arewacin ƙasar Girka, an fara busar da tumatir da ruwan ƙasa mai digiri 59 a 2001. Ruwan na bi ta cikin bututai, fanka na hura iska a kansu har ta kai kimanin digiri 55, iskar kuma ta ratsa faranten da aka jera yankakken tumatir. Cikin awa 30 ko makamancin haka ya bushe, kuma da yake zafin bai yi tsanani ba, launi da ƙamshi ba sa gushewa. A kakar farko an samu busasshen tumatir kimanin tan huɗu. Masu binciken, ciki har da Nikolaos Andritsos na Jami'ar Thessaly, sun wallafa bayanin a mujallar cibiyar Oregon a 2003. Tazarar digiri biyar ce kawai tsakanin wancan ruwa da na Akiri.

Mai karatu da ya san asarar da manoman tumatir ke tafkawa a kowace kaka zai ce ai ga mafita. Ba ta kai nan ba. Tumatirin Najeriya yana Kadawa da Kura a Kano, da Ɗanja a Katsina, da fadamun Jigawa da Kaduna, kuma yana nuna ne daga Janairu zuwa Afrilu, lokacin da rana ba ta rowa. Matsalar mai yin kauɗa a can ita ce ƙura da ƙasa da dabbobi, kuma rumfar busarwa mai aiki da hasken rana ta fi araha wajen magance su. Ruwan zafi kuma ba fetur ba ne da za a zuba a tanka a kai wata jiha. Ruwa mai digiri 54 yana hucewa a hanya, bututun da aka lulluɓe don riƙe zafi kuwa yana da tsada. Dole aikin ya je inda ruwan yake.

Saboda haka tambayar da ta dace da mai bincike ita ce: me mutanen da ke zaune kusa da ruwan suke ƙona itace ko gawayi dominsa, kuma a wane lokaci ne rana ke gaza musu?

A yankin Awe da Keana amsa ta farko a fili take. Ɗaruruwan shekaru ke nan mata ke dafa gishiri a can: su tace ruwan gishiri ta cikin ƙasa mai gishiri, su ɗora a wuta har ya ƙafe. Aiki ne mai cin itace da lafiyar ido da ƙirji. Ruwa mai digiri 54 ba zai tafasa tukunya ba, amma yana iya bi ta ƙarƙashin faffaɗan kasko marar zurfi ya riƙa ƙafar da ruwan gishirin dare da rana, ta yadda abin da zai hau wuta ya riga ya yi kauri. A Iceland akwai masu yin gishirin teku da zafin ƙasa kaɗai, ko da yake ruwansu ya fi namu zafi nesa ba kusa ba. Nawa ne itacen da za a rage a Awe, kuma ko gishirin zai riƙe ɗanɗanon da masu sayensa suka sani, tambayoyi ne da ɗalibin digiri na biyu zai iya amsawa cikin shekara biyu.

Amsa ta biyu ta shafi hatsi. A tsakiyar ƙasar nan masarar farko tana isowa ne a cikin damina, lokacin da sama ke lulluɓe kuma iska ke ɗauke da laima. Masarar da ba ta bushe da wuri ba tana yin funfuna, funfunar kuma na haifar da gubar aflatoksin mai lalata hanta, wadda ke sa a ƙi karɓar kayan Najeriya a kasuwannin waje. Iskar da ake busar da hatsi da ita ba ta buƙatar wuce digiri 40 zuwa 50, wanda za a ajiye don iri ma bai kamata ya wuce 43 ba. A nan ruwan Akiri da na Lamurde sun isa, kuma a nan ne suka fi rana, domin ba ruwansu da hadari ko faɗuwar rana. Haka nan masu gumin shinkafa a kwarin Binuwai, waɗanda ke jiƙa ta a ruwan zafi kafin su turara, za su rage itace idan suka fara da ruwan da ya riga ya ɗauki zafi.

Akwai kuma ƙananan ayyukan da ko ruwan Rafin Rewa zai iya ɗauka. 'Yan tsaki na buƙatar ɗumin digiri 32 zuwa 35 a makonsu na farko, kuma masu kiwo kan kwana suna gadin kaskon gawayi. Masu ƙyanƙyasar tarwaɗa sun san yadda sanyin hunturu ke kashe 'ya'yan kifi ko ya hana su girma, alhali ruwa mai digiri 27 zuwa 30 suke so. Dafa madara don kashe ƙwayoyin cuta kuwa yana buƙatar digiri 63 na tsawon minti 30, don haka maɓuɓɓuganmu ba za su kammala shi ba sai da ɗan ƙarin wuta.

Kenya ɗin da ake yawan ambata tana da darasi a wannan ɓangare fiye da na lantarki. Tun 1939 ake busar da furen da ake yin maganin sauro da shi da zafin ƙasa a Eburru. Gonar furanni ta Oserian da ke kusa da tafkin Naivasha ta riƙa ɗumama rumfunan wardi masu faɗin hekta 50 da wata rijiyar da ba ta isa yin lantarki ba. A Menengai, kusa da Nakuru, kamfanin gwamnati mai haɓaka zafin ƙasa, GDC, ya kafa wurin gwaji tun 2015 inda rijiya mai rauni ke dafa madara, tana ɗumama tafkunan kifi da rumfar kayan lambu, tana ba wurin wanki ruwan zafi, daga baya aka ƙara na'urar busar da hatsi. Bayan waɗannan duka akwai mutane: 'yan Kenya fiye da 100 sun samu horo a shirin koyar da ilimin zafin ƙasa da aka fara a Iceland a 1979, kuma Jami'ar Fasaha ta Dedan Kimathi da ke Nyeri tana da cibiyar da ta keɓe wa fannin.

Batun sanyi ya fi wuya. Waɗanda suka san firjin kananzir da aka riƙa adana alluran rigakafi a asibitocin karkara sun san cewa zafi na iya haifar da sanyi. Akwai manyan na'urori masu aiki da wannan dabara, kuma a Chena irinsu ne ke riƙe wani gini na ƙanƙara a daskare duk shekara. Amma suna da zaɓe. Makarantar Oregon ta girka ɗaya a 1980, sai ya zama ruwanta mai digiri 89 bai kai zafin da aka ƙera na'urar dominsa ba, ta riƙa ba da kusan rabin ƙarfinta har aka maye gurbinta da mai aiki da lantarki. Babu maɓuɓɓugar Najeriya da za ta juya irin wannan na'ura. Sai an haƙa.

A matsakaici, zafin ƙasa yana ƙaruwa da digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita ta zurfi. Awon da aka samu daga rijiyoyin mai da na ruwa ya nuna akwai wurare a kwarin Tafkin Chadi da na Sakkwato inda ƙaruwar ta haura digiri 5 a kowace mita 100. Idan hakan ya ɗore zuwa ƙasa, wanda ba kullum yake ɗorewa ba, ana iya samun ruwa mai kusan digiri 100 a zurfin kilomita ɗaya da rabi. Da irin wannan ruwa ɗakin sanyi na adana kifi, nama ko albasa zai yiwu ba tare da dizal ba. Sai dai rijiya mai wannan zurfi aikin miliyoyin daloli ne, kuma ana iya haƙa ta a tarar da dutse mai zafi amma babu ruwa a cikinsa.

Wata hanyar ba ta buƙatar ruwan zafi ko kaɗan. Duk mai jan guga ya san ruwan rijiya kan yi ɗumi da asubahin hunturu, ya yi sanyi da tsakar ranar bazara. Ruwan bai canja ba, iskar waje ce ta canja. 'Yan mitoci kaɗan a ƙasa zafi yana tsayawa kusa da matsakaicin shekara, wajen digiri 28 zuwa 30 a yawancin Arewa. Na'urar sanyaya ɗaki da ke zubar da zafinta a cikin ƙasa mai digiri 29 maimakon iskar Afrilu mai digiri 43 za ta ci wuta kaɗan. Matsalar ita ce a Turai da Amurka zafin da aka tura ƙasa da bazara ana janye shi da hunturu, a nan kuwa turawa za a yi ta yi kusan duk shekara, ƙasar da ke kewaye da bututun ta yi ta ɗaukar zafi. Shekara nawa za a yi kafin ribar ta ƙare a yashin Maiduguri ko a jan ƙasar Zariya, sai an binne bututu da ma'auni an jira.

Idan aka duba abin da jami'o'inmu ke wallafawa a wannan fanni, akasarinsa ya karkata ne ga hanya ɗaya. A shekarun 2000 Hukumar Binciken Ƙasa da Ma'adinai ta Najeriya ta sa jiragen sama sun auna maganaɗisun duwatsun ƙasar. Daga waɗannan bayanai ana iya ƙiyasta zurfin da dutse ke kai digiri 580, inda ƙarfin maganaɗisunsa ke gushewa, daga nan kuma a ƙiyasta yawan zafin da ke tasowa a yankin. Maƙalu masu yawa sun fito ta wannan hanya a kan kwarin Binuwai, na Bida, na Sakkwato da na Chadi, kuma da yawansu kan rufe da cewa yankin ya dace da samar da lantarki.

Ba a raina wannan aiki ba, kuma dalilin yawansa ba ɓoyayye ba ne: malamin da ba shi da kuɗin zuwa daji, balle na haƙa, yana iya yin sa da kwamfuta a ofis, ya samu maƙalar da zai nemi ƙarin girma da ita. Amma taswirar abin da ke faruwa a zurfin kilomita 15 ko 20 ba ta faɗa wa kowa ko akwai ruwa a mita 800, ko lita nawa zai bayar, ko gishirin cikinsa zai toshe bututu cikin wata shida. Kuma tsallen da ake yi daga taswirar zuwa alkawarin lantarki ya fi ƙarfin hujjar.

Bayanan da suka fi kusa da amsa suna nan a ajiye. Kamfanin NNPC ya haƙa rijiyoyi 23 a kwarin Tafkin Chadi a zagayen farko na neman mai, ya haƙa na Kolmani a iyakar Bauchi da Gombe, kuma a Maris ɗin 2023 aka ƙaddamar da haƙar rijiyar Ebenyi-A a Ƙaramar Hukumar Obi ta Jihar Nasarawa, ba nisa da Keana da Awe. Ana auna zafin gindin kowace rijiyar mai, ana kuma rubuta irin duwatsun da aka ratsa da ruwan da aka tarar. Da irin waɗannan bayanai ne David Blackwell da abokan aikinsa a Jami'ar Southern Methodist da ke Dallas suka haɗa taswirar zafin ƙasa ta Arewacin Amurka ta 2004. Rijiyar da ba ta ba da mai ba asara ce ga kamfani, amma ga mai neman ruwa mai digiri 90 tana iya zama rabin aiki an gama. Buɗe wa jami'o'i waɗannan bayanai ba ya buƙatar sabon kasafi, sai dai yarjejeniya tsakanin kamfanin, hukumar NUPRC mai kula da haƙar mai, da makarantun.

Akwai giɓi a tsari ma. Hukumar Makamashi ta Najeriya tana da cibiyoyin bincike a jami'o'in Sakkwato, Nsukka, Bauchi, Ilorin, Legas da Benin, waɗanda suka shafi hasken rana, man fetur, ƙarfin ruwa, tattalin wuta da muhalli, amma babu wadda aka keɓe wa zafin ƙasa. Ta fuskar doka kuma, sashe na 44(3) na Kundin Tsarin Mulki ya damƙa ma'adinai da mai da gas ga Gwamnatin Tarayya, Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta sa filaye a hannun gwamnoni, dokar albarkatun ruwa ta 1993 kuma tana magana a kan ruwa. Zafin da ke cikin ruwan ya faɗa a tsakanin ukun. Kenya ta yi dokarta ta zafin ƙasa tun 1982. Mai son zuba jari a wurin busar da hatsi a Lamurde zai so sanin wa zai ba shi izini kafin ya sayi bututu, haka ma al'ummar da ta gaji maɓuɓɓugar tana wanka da neman waraka a cikinta za ta so sanin matsayinta. Wikki kuwa, da yake tana cikin gandun namun daji, ya fi kyau a bar ta ga masu ninƙaya.

Gwajin farko bai kai girman waɗannan matsaloli ba. Yana buƙatar a auna yawan ruwan da ke fita a Akiri da Lamurde wata-wata har shekara ta zagayo, a tantance sinadaran da ke cikinsa, a gina rumfa ɗaya mai bututai da fanka mai aiki da hasken rana, sannan a busar da masarar manoman wurin a watan Agusta, a kwatanta da wadda aka shanya a tabarma ta fuskar kwanaki, funfuna da farashi a kasuwa. Aikin na masanin duwatsu ne da injiniya da masanin noma da masanin tattalin arziki a tare, haɗin da tsarin sassa na jami'o'inmu bai saba da shi ba, amma Asusun Bincike na Ƙasa da TETFund ke gudanarwa yana iya sanya shi sharaɗin ba da tallafi. Jami'ar Tarayya ta Lafiya tana jiha ɗaya da Akiri, Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola kuma tana jiha ɗaya da Lamurde.